Nasiha Ga Mai Sayar da Dukushi da Dillalinsa

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, ina so in yi magana a kan cinikin dukushi, watau ɗan doki wanda bai kai cikar ƙarfinsa ba: yadda za a sa masa kuɗi, da wanda ya kamata a sayar wa. Ni mai hatsi ne, sana'ata awo, kuma na san wani zai ce me ya haɗa mai tiya da barga. Cikin doki ne ya haɗa mu. Duk dokin da ke ɗaure a turke, a hannunmu a ke sayen dawarsa da dusarsa, saboda haka mu kan ga lissafin barga ta gefen da mai doki ba ya son dubawa. Ra'ayina shi ne, a sa wa dukushi kuɗin abin da ya ke a yau, a nemi mai sayen da zai iya ci da shi tun kafin a fito da shi kasuwa, sa'an nan kada a bar shi ya daɗe a hannu ana jiran tayin da ba zai zo ba.

Ku duba bambancin hatsi da doki. In ka shiga Dawanau ka tambayi mutum goma kuɗin buhun gero, amsoshinsu ba za su yi nisa da juna ba, domin gero gero ne, tiya tiya ce. In ba ka sallama yau ba, sai ka mai da buhunka sito, ka kiyaye shi daga ƙwari da danshi, ya kwana bai ci maka kome ba. Doki kuwa babu biyu da su ke daidai, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne, kuma kowane dare ya kwana a hannunka sai ya ci daga cikin ribarka. Mafi yawan faɗuwar da a ke yi a cinikin dukushi daga nan ta ke fitowa, watau mutum ya riƙe doki kamar yadda a ke riƙe buhu.

To, bari mu auna cikinsa. Goɗiya ta kan yi kamar wata 11 da ciki, a kan yaye ɗanta yana da wata 6 ko kusa da haka, daga nan abincinsa ya koma wuyan mai shi. Mu ɗauka, don misali, ana ba shi tiya ɗaya a yini tsakanin dawa da dusa. Buhun da ke cin tiya 40 ba zai kai shi wata ɗaya da rabi ba. A shekara ya cinye buhu 9 da 'yan kai. Wannan fa hatsi ne kawai. Ba a sa harawa ba, ba a sa ingirici da ɗanyar ciyawa ba, ba a sa kanwa ba, ba a sa ruwa ba ga wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Ba a sa ladan yaron barga ba, da mai yankan kofato, da maganin tsutsar ciki, da kuɗin likitan dabbobi ran da ta ɓaci. Kowa ya yi nasa lissafin bisa yadda ya ke ciyarwa, amma ya rubuta shi da buhu da dami, domin naira ba ta zama wuri ɗaya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, kowa ya ga inda hatsi ya kai a 2024, ya kuma ga yadda ya sauko a 2025. Lissafin da aka yi da buhu shi ne za a iya karantawa baɗi a gane abin da ya ke nufi.

Amfanin wannan lissafi biyu ne. Na farko, ya nuna maka ko kiwon yana biya ko ba ya biya. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ya nuna maka kuɗin jira. A ce an taya maka dukushi yau ka ce albarka, kana fatan nan da wata 6 za a ƙara. A bisa misalinmu, cikin wata 6 zai ci tiya 180, watau buhu 4 da rabi, ban da harawa da sauran ɗawainiya. In ƙarin da ka ke hange bai haura wannan ba, to kai ne ka biya mai saye na gaba kuɗin kiwo daga aljihunka. Kuma ka sani, mai saye ba ruwansa da abin da ka riga ka kashe. Na sha jin mai doki yana cewa, “Ai na kashe masa kaza, ba zan sayar ƙasa da haka ba.” Abin da ya ci ya riga ya ci, ba ya dawowa. Abin da ke hannunka shi ne abin da zai ci daga yau.

Ban da ci, akwai haɗari. Doki dabba ce mai ƙarfi a ido, mai rauni a ciki. Ba ya amai, shi ya sa in ya ɓarke da hatsi ko aka sauya masa abinci farat ɗaya, ciwon ciki kan kayar da shi cikin dare guda, ko ya sauka a kofato ya gurgunta shi. Da damina ga cutar dawaki wadda ƙananan ƙudaje masu cizo da almuru ke yaɗawa, mai kisa da sauri. Masu barga ba su manta da murar da ta ratsa dawaki da jakuna a ƙasar Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba. Sa'an nan dukushi da rawar kai, ya harɗe a igiya, ya yi harbi ya sami bango, shi ke nan ƙafa ta tafi. In sa ya karye, a kira mahauci a tsira da wani abu. In doki ya karye ko ya mutu a turke, mai shi ya tashi da igiya. Wannan ma sai a sa shi a cikin kuɗin jira.

Yanzu sai mu zo kan abin da a ke sayarwa. Abu na farko shekaru, kuma shaidarsu tana bakinsa. Doki yana da haƙoran gaba 6 a sama, 6 a ƙasa. Na nono ƙanana ne, farare, masu siririn gindi. Na tsakiya su kan faɗi a sami na girma yana da kamar shekara 2 da rabi. Na kusa da su a shekara 3 da rabi. Na gefe a shekara 4 da rabi. In ya cika shekara 5 bakinsa ya cika, kuma namiji a tsakanin shekara 4 da 5 ne fiƙoƙinsa ke fitowa. Dillalin da bai iya buɗe bakin doki ya karanta wannan ba, bai kamata ya karɓi la'adar doki ba. Mai sayarwa kuma ya faɗi shekarun gaskiya tun da fari, domin duk mai saye na kirki sai ya ɗaga leɓe, kuma in ya kama ka da ƙarya a haƙori, ba zai ƙara yarda da kai a kan ƙafa ba.

Abu na biyu ƙafafu. A tsai da shi a daidai wuri a dube shi ta gaba da ta baya, a ga ko sun miƙe, a shafa gaɓoɓi a ji ko akwai kumburi ko zafi, a ɗaga kofato a ga ko ya tsage ko yana wari. A ja shi a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, ya yi sassarfa, domin rairayi yana ɓoye ɗingishi. A dubi idanu biyu, a saurari numfashinsa bayan ya motsa, a duba hanci ko yana zuba, a shafa baya da ƙirji a nemi tabon gyambo. Abu na uku hali. Yana karɓar ragama? Yana bari a taɓa kunnensa da ƙafarsa? Yana cizo, yana harbi, yana tutsu? In ya ji ganga ko ƙarar bindiga ko hon na mota, me ya ke yi? A ganina horon da aka yi wa dukushi da hannu mai sanyi shi ne abin da ya fi ƙara masa kuɗi da gaskiya, domin wata da watanni ne na wahala ka ɗauke wa mai saye.

Launi yana da nasa kuɗi, ba na musu. Akwai mai neman akawal, akwai wanda ba ya hawa sai kili, akwai mai son danda ko hurde don a hango shi a cikin taro, bikili da gunya ma da masu son su. Amma a lura, launin dukushi bai gama zama ba. Dokin da zai zama kili da duhu a ke haifarsa, sai ya riƙa haske shekara bayan shekara. Kuma launi ba ya ɗaukar mahayi. Dillalin da ya fara da yabon launi ya ƙi zancen ƙafa, mai hankali ya san inda zai duba.

A nan ne na ke da saɓani da abokaina masu barga. Da yawa sun saba su sa wa dukushi ɗan shekara 2 kuɗin ingarma ɗan shekara 6, hujjarsu wai ubansa ya yi suna a sukuwa, wai in ya cika babu kamarsa a garin nan. Asali yana da daraja in akwai shaidu da su ka san uban da uwar, tun da ya ke yawancin dawakinmu ba su da takardar asali, sai bakin mutane. Amma tsakanin shekara 2 da shekara 5 akwai damina uku, akwai buhu wajen 27 a bisa misalinmu, akwai horon da zai yi kyau ko ya ɓaci. Wanda zai ɗauki wannan nauyi shi ne mai saye, saboda haka shi ya cancanci rangwamen. Malamanmu sun hana sayar da abin da ke cikin goɗiya tun ba a haifa ba, saboda ba a san abin da zai fito ba. Dukushi ya fito, halal ne cinikinsa, amma wanda ya karɓi kuɗin ingarma a kansa ya sayar da rabin abin da bai gani ba.

To yaya za a sa masa suna? Ka riƙe lambobi uku a ranka. Ta ƙasa ita ce abin da 'yan baranda za su ba ka nan take, ko masu lodin dawaki zuwa Kudu, irin kasuwar Obollo-Afor ta jihar Enugu, waɗanda jiki su ke dubawa, ba ruwansu da taƙama ko asali. Ta tsakiya ita ce abin da aka sayar da irinsa, mai shekarunsa, a ci biyu ko uku na kasuwa da su ka wuce. Na ce abin da aka sayar, aka ƙirga kuɗi aka ja doki, domin abin da aka ambata aka ce albarka ba farashi ba ne, buri ne. Ta sama ita ce wadda za ka faɗa da bakinka, kuma kada ta yi wa ta tsakiya nisan da zai kori mai saye na gaskiya tun bai zauna ba. Bar wurin ciniki daidai gwargwado. Sa'an nan ka sa wa kanka wa'adi, ko kwana 40 ne. In wa'adin ya cika mutane sun zo sun duba babu wanda ya taya kusa, to kuɗin ne bai yi ba, sai ka sauko tun dokin bai yi suna ba. Dokin da ya daɗe ana tallarsa, kowa sai ya ce akwai abin da waɗanda su ka riga shi su ka gani.

Sai maganar mai saye, wadda ita ce rabin ciniki. Doki ɗaya yana da kuɗi daban daban bisa ga wanda ke tsaye a gabansa, domin kowa da abin da ya ke biya.

Kowa ya fi kwaɗayin gidan sarauta, hakimai da dagatai da masu hali da ke hawa a bayansu. Su girma su ke nema, da launi, da taƙama, da dokin da zai tsaya cikin algaita da bindiga da jama'a bai firgita ba. Wannan siffar cikakken doki ce. Ba su cika sayen dukushi da tsada ba, sai wanda ke da barga babba da masu horo da haƙurin shekaru. Gaskiya ne hawa ya ƙara daraja, har hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, kuma mai hawan Daushe da na Nasarawa da na Fanisau ba doki ɗaya ke isarsa ba. Amma ku tuna an dakatar da hawa a 2020 saboda annobar korona, kuma a Kano 'yan sanda sun hana shi a babbar Sallah ta 2024 da ƙaramar Sallah ta 2025 saboda dalilin tsaro. Wanda ya ɗora dukkan lissafinsa a kan hawan gari ɗaya ya ɗora shi a kan abin da ba ya hannunsa. Akwai Katsina, akwai Zazzau, akwai Daura da Haɗeja da Bauci, dillali mai ƙafa ya san hanyarsu. Kuma a rarrabe ciniki da gaisuwa. Wanda ya kai wa babba doki yana jiran tukuici, gaisuwa ya yi, kada ya dawo kasuwa yana ƙorafin bashi.

'Yan sukuwa su ne masu sayen dukushi da gangan, domin sun fi so su hore shi da hannunsu. Su ƙirji su ke dubawa, da tsawon ƙafa, da numfashi, kuma a wurinsu ne zancen uba da uwa ke da nauyi. Sun raba dokin Arewa da na Sudan, kowane da ajinsa a fili, saboda haka ka san ajin naka kafin ka ambaci kuɗi. Masu ƙwallon doki na Katsina da Kano da Kaduna da Legas, wasan da ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, manyansu daga Ajantina da Sudan su ke kawo dawaki. In sun sayi na gida, mai saurin juyawa da tsayawa su ke so, kuma ba su ƙyamar goɗiya, alhali mahayan Sallah namiji su ke hawa. Mai 'yar dukusa ya riƙe wannan.

Akwai samari masu kilisa da masu ba da hayar doki don hawan angwanci. Su kan biya da wuri, kuma sau da yawa su ne ke fara tayawa. A nan na ke roƙon 'yan'uwa su yi hattara. Ƙashin doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5. Dukushin da aka ɗora wa sirdi yana ɗan shekara 2, aka wuni ana sukuwa da shi a kan kwalta, yau wannan ya hau gobe wancan, kafin ya kai shekarun da zai yi kuɗi ƙafafunsa sun gama aiki. In mai haya ne mai sayenka, ka sayar masa da dokin da bakinsa ya cika.

Wanda aka fi mantawa da shi kuwa shi ne manomin ƙauye mai kiwo. Yana da harawar wakensa, yana da karmamin gyaɗarsa, yana da dusar gidansa da fili da yara masu yankan ciyawa. Abin da zai ci wa mutumin birni buhu da kuɗi, shi a gonarsa ya ke. Ga dukushin da aka yaye zuwa ɗan shekara 2, ban ga mai sayen da ya fi shi dacewa ba. Ba zai ba ka kuɗin da ka ke mafarki ba, amma zai biya da kaka sa'ad da ya sayar da amfanin gona, kuma bayan shekara uku in ya tashi sayar da cikakken doki, dillalin da ya yi masa gaskiya zai nema.

Wani zai ce, “Malam, in na karɓi kuɗina ina ruwana da inda doki ya tafi?” Da ruwanka. Na farko, dabba ce mai rai, kuma kai ka san wanda zai bar ta da yunwa. Na biyu, doki da sunan gidan da ya fito ya ke yawo. In ya rame a hannun wanda ba shi da abin ba shi, ba za a ce wane ya kasa kiwo ba, cewa za a yi dokin bargar wane ba shi da kyau. Na uku, mai sayen da ya tattara duk abin da ya mallaka ya biya rabi, ya ce sauran sai bayan Sallah, shi ne zai dawo maka da doki a rame ya ce ya gano aibi. Kafin ka tambayi mutum nawa zai biya, tambaye shi ina zai ɗaure, wa zai kula, me zai ba shi da bazara. Amsarsa za ta gaya maka ko cinikin zai zauna.

Lokaci ma abin dubawa ne. Kasuwar doki ta kan motsa in Sallah ta gabato, amma Sallah tana ja baya da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙarama ta faɗo ƙarshen watan Maris, babba farkon watan Yuni, watau tsakiyar bazara da bakin damina, lokacin da harawa ta fi kowane lokaci tsada. Wanda ya riƙe dukushi tun kaka don ya kai shi Sallah, a watannin da abinci ya fi tsada zai ciyar, ga shi kuma masu sayen Sallah cikakken doki su ke nema. Gara a sayar da ƙarami da kaka, harawa na araha, jikinsa ya yi kyau, manoma na da kuɗi.

Wurin sayarwa kuma, kasuwannin bakin iyaka irin Maigatari ran Alhamis da Mai'aduwa ran Lahadi nan ne dawakin Nijar ke shigowa, kuma nan ne za ka ji gaskiyar farashi. Abin da ya taɓa iyaka ya taɓa su: rufewar da aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, da tashin sefa a kan naira. Ka je ka ji, ko ka aika. Amma kai dukushi can da mota ba tare da ka san mai jiransa ba kasada ce. Da ka sauke shi, kowa ya san ka biya kuɗin mota kuma ba ka son biyan na komawa, sai a yi maka shiru har la'asar, sa'an nan a zo da tayin da ba ka iya ƙi. Ya fi kyau dillali ya kawo mai saye har turke. Yanzu ana tura hoton doki yana tafiya ta WhatsApp, wannan ya rage wahala, amma hoto ba ya buɗe baki, ba ya shafa gaɓa. A ga doki da ido kafin kuɗi su motsa.

Ku kuma dillalai, ga naku. A yanke la'ada tun kafin a fara, kowa ya ji, a san wanda zai biya. Kada a ce wa mai doki an sayar kaza, a karɓi fiye a wurin mai saye a haɗiye tsakani ba da saninsa ba. Kada a dasa abokin da zai riƙa tayin ƙarya don a zuga mai saye, wannan haramtaccen abu ne sananne. Kada a ɗura wa doki maganin kashe zafi ranar nuni don a ɓoye ɗingishi, ko a cika shi da kanwa da ruwa don ciki ya fito. A mazhabarmu ta Malikiyya, aibin da ya riga ciniki aka ɓoye shi yana ba mai saye ikon mayar da dabba ya karɓi kuɗinsa, saboda haka ɓoyewar ko a lissafin duniya ba ta biya. Faɗi aibin a gaban shaidu, a rage kuɗi daidai da shi, ciniki ya zauna. Kafin alƙalami kuma, in ciniki ya faɗa a lissafa shi cikin kuɗi, in ya warware a mayar wa mai shi. A rubuta takarda mai ɗauke da launin doki da alamominsa da shekarunsa bisa haƙori, da kuɗin da aka biya da wanda ya rage da ranar biyansa, shaidu biyu su sa hannu, domin zamanin nan na satar dabbobi takarda tana kare mai saye da mai sayarwa. In ta banki aka turo, kada a kwance igiya sai mai doki ya tabbatar kuɗi sun shiga asusunsa, saƙon da aka nuna masa a wayar wani ba shaida ba ne.

Na san akwai masu cewa doki abin alfarma ne, ba a auna shi da tiya kamar kayan miya. Na yarda da su rabi. Wanda ya ke kiwon doki don so, yana da halin ci da shi, Allah ya ƙara masa buɗi, ya sa ɗawainiyarsa a cikin kuɗin jin daɗinsa, babu mai zarginsa. Maganata da wanda ya ce sayarwa zai yi ce. Da ka ce na sayarwa ne, ya zama haja, kuma hajar da ke ci kullum dole a san abin da ta ke ci.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga shugabannin dillalan dawaki na kasuwanninmu. Mu masu hatsi kowane mako ana jin farashinmu, shi ya sa da wuya a cuci baƙo da yawa a kan buhu. Ku ma ku riƙa rubuta abin da aka sayar a kowane ci na kasuwa: dukushi ne ko cikakke, namiji ne ko goɗiya, shekarunsa bisa haƙori, na Arewa ne ko na Sudan, horarre ne ko ɗanye, da kuɗin da aka ƙirga. Ba sai an ambaci sunan kowa ba. In aka yi haka shekara ɗaya, mai dukushi a ƙauye zai san abin da ke hannunsa, mai saye zai zo da kuɗin da ya dace, ku kuma la'adarku ta ƙaru saboda ciniki zai riƙa faɗawa da wuri.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin juna.